Yadda za ka bi diddigin sunan Ivy League da kanka

Duk inda ake hirar neman sikolashif a Amurka sai wani ya ɗaga murya ya ce ai sunan Ivy League daga lambar Romawa ya fito, wato IV, huɗu kenan, wai jami'o'i huɗu ne suka fara haɗa kai, in ka furta haruffan biyu da Turanci sai su ba ka "aibi". Labarin akwai daɗi a kunne wallahi, ni kaina na daɗe ina baza shi kafin na gane ba shi da tushe. To ga hanyar da za ka bi, ba sai ka jira wani ya faɗa maka ba.

Fara da ƙirga jami'o'in da ake kira Ivy League ɗin. Takwas ne: Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Pennsylvania, Brown, Dartmouth da Cornell, duk a arewa maso gabashin ƙasar. Harvard ce babbar yaya, tun 1636, Cornell kuma 'yar auta, 1865. Sai ka tambayi mai labarin huɗu, to su wa da wa ne huɗun? Zai jero Harvard, Yale, Princeton ba gargada, a ta huɗun ne zai fara kame-kame, wannan ya ce Columbia wancan ya ce a'a wata ce. Tun daga nan ka san da walakin.

Na gaba ka duba ita kalmar kanta. Ivy sunan wani tsiro ne mai yaɗo da ke hawa bango, ya bi jan bulo yana maƙalewa har ya lulluɓe ginin ya bar tagogi kawai suna leƙowa. Ka nemi tsofaffin hotunan makarantun nan za ka ganshi. Kuma ba haka kawai ya tsiro ba, a ƙarni na 19 ɗalibai masu gama karatu suna da al'adar dasa shi a jikin gini ranar biki, a Pennsylvania ma har dutse ake mannawa a bango mai ɗauke da shekarar ajin. Kenan in Ba'amurke ya ji ivy, tsohon gini da tsohon kuɗi ne ke faɗo masa a rai.

Yanzu wajen da aikin yake, kuma nan mutane ke ɓata. Kar ka je neman sunan a takardun farfesoshi, shafin wasanni na tsofaffin jaridu za ka nufa. A watan Oktoba 1933 wani marubucin wasanni Stanley Woodward na jaridar New York Herald Tribune ya kira su kwalejojin ivy, yana magana ne kan ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a zura da gudu, ba maganar karatu ko kaɗan. Zuwa 1935 cikakken sunan Ivy League ya fara fitowa a jaridu. Za ka ci karo da wasu na cewa wani abokin aikinsa Caswell Adams ne ya ƙirƙiro shi a 1937, to kai dai ka jera shekarun ka gani, abin da aka riga aka buga a 1935 ta yaya za a haife shi bayan shekara biyu?

In kana son gani da idonka, buɗe Google Books Ngram Viewer, shafin da ke zana maka layin yawan fitowar kalma a littattafai shekara bayan shekara, ka rubuta Ivy League ka sa daga 1800 zuwa 2000. Layin kwance yake a ƙasa shamo-shamo, sai bayan 1930 yake fara ɗagowa. Da ace akwai wata ƙungiyar huɗu mai wannan suna tun zamanin kakanni ai da ta bar sawu. Ƙamus ɗin Oxford babba shi ma yana kawo jimlolin farko da aka yi amfani da kalma tare da shekara, ka leƙa shi in kana da hanya.

Abu na ƙarshe, raba ranar suna da ranar kafa ƙungiya. Shugabannin jami'o'in sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙwallo a 1945, sai a 1954 aka faɗaɗa ta ta shafi sauran wasanni, nan ne ƙungiyar ta tsaya a hukumance. Wato 'yan jarida sun raɗa wa yaro suna kusan shekara 20 kafin a haife shi. Shi ya sa jami'o'in Stanford da MIT duk girmansu ba sa ciki, ba wai sun gaza ba ne, ba a rukunin wasannin suke ba kawai.

Dabarar tana aiki a Ingila ma. Oxbridge ba sai an wahala ba, kan Oxford aka haɗa da jelar Cambridge. Russell Group kuwa, ƙungiyar manyan jami'o'in Birtaniya da aka kafa a 1994, in ka bi sawu ba wani shehin malami za ka tarar ba, otal ne a Landan da a lokacin ake kira Hotel Russell, inda shugabannin jami'o'in suka riƙa zama suna tattaunawa.