Kurakuran da masu son barin taba sigari suka fi yi

Da wuya ka sami mashayin taba da bai taɓa cewa "daga yau na daina" ba. Yawanci da gaske yake, amma bayan kwana uku ko mako guda sai ka gan shi da kara a hannu. Ba raunin zuciya kaɗai ke jawo haka ba. Akwai wasu kurakurai da ake ta maimaitawa, kuma duk suna gyaruwa.

Mafi girmansu shi ne a cire taba a bar gurbinta babu komai. Taba tana da lokutanta: bayan cin abinci, a teburin mai shayi da safe, sa'ad da direba ke jiran lodi a tasha, da dare a majalisa, ko in rai ya ɓaci. Nikotin ɗin da ke cikinta yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu da zuƙa, shi ya sa jiki ke saurin ɗaure daɗin da wuri da kuma lokaci. Da zarar lokacin ya yi, hannu zai tafi aljihu ko ba ka aike shi ba. Don haka tun kafin ranar da ka tsayar, zauna ka lissafa lokutan nan naka, ka tanadar wa kowanne abin da zai maye gurbin tabar. Ka gama cin abinci, kada ka zauna, tashi ka yi asuwaki. Kana jiran fasinja, ga ruwa, ga aya ko gyaɗa. Rai ya ɓaci, yi alwala ka ɗan taka. Ƙishin tabar yakan taso da ƙarfi, amma 'yan mintuna yake yi ya lafa, kuma mintunan nan kawai kake neman abin da zai raka ka.

Sai dai a kula da abin da aka ɗauko. Wasu kan koma shisha da sunan ta fi sauƙi, wai ruwa yana tace hayaƙin. Ba ya tacewa yadda ake zato, ga nikotin ɗin nan daram, ga hayaƙin gawayi an ƙara. Haka garin taba da ake shaƙa ko a ɗura a baki. Goro kuwa, in aka yawaita shi, yakan hana barci, kuma wanda bai yi barci ba ya fi saurin komawa ga taba. Alewa da lemon kwalba daga safe har dare su ma wata matsalar ce ake kira.

Wani kuskuren da yake ba ni tausayi shi ne rantsuwa. Mutum ya dafa Alƙur'ani cikin zafin nadama, bai shirya komai ba. Ranar da ya zame, ga kaffara a kansa, ga kunya, har ya fara ganin kansa a matsayin wanda ba zai shiryu ba. Addu'a da neman taimakon Allah suna da babban muhimmanci, amma a haɗa su da shiri: a fitar da kwali da ashana daga ɗaki da mota, a sanar da iyali da abokan zama.

Maganar abokan zama ba ƙarama ba ce. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, amma kowa ya san mai teburin bakin layi yana sayarwa. A makonnin farko, canza hanya, ka kuma rage zama inda ake busawa. Wannan ba yanke zumunci ba ne. Abokin kirki in ka ce masa "don Allah ko na roƙe ka kada ka ba ni", zai riƙe maka.

Akwai kuma masu ƙirga kwana 21 da tunanin daga nan sun tsira. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a jami'ar UCL ta Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu ma fiye da haka nesa, kuma kuskuren rana ɗaya bai rushe ginin ba. To in ka zame ka sha kara guda, kada ka ce "tunda na ɓata, bari in ƙarasa kwalin". Duba abin da ya ja ka, ka toshe wannan ƙofar, ka ci gaba a ranar.

Watan azumi dama ce da ake yawan zubarwa. Mutum ya yini cur bai sha ba, ana kiran magariba ya kunna. Wanda ya shirya wa wannan sa'ar, ya wuce masallaci kai tsaye daga buɗa baki, ya riga ya yi nisa.

Wanda kuma yake kunna taba da farkawarsa, ko yake shanye kwali a rana, kada ya ɗauka neman magani gazawa ce. Kwanakin farko sukan zo da saurin fushi, ciwon kai da rashin barci, sannan su ragu cikin 'yan makonni. Akwai cingam da filastar nikotin da ke sassauta wannan. A tambayi likita ko mai harhaɗa magani yadda ake amfani da su, musamman mai ciwon zuciya ko mace mai juna biyu.