Tarin da ya kai sati biyu, a je a gwada

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yar shawara, tunda hunturu ya shigo kowa na tari ana cewa mura ce.

In tari ya kai sati biyu bai tafi ba, ga zazzaɓi, ga gumin dare, mutum sai ramewa yake yi, to a bar zaryar kemis. A je asibitin gwamnati mafi kusa a ce ana son gwajin tarin tibi. Kaki za a tofa a 'yar roba, na'urar GeneXpert ta duba. A Najeriya gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta. Wanda bai san inda ake yi ba ya kira 3340.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen shan maganin. Wata shida ne cur, kullum ba fashi. Bayan 'yan makonni mutum zai ji ƙarfi, ya koma cin tuwonsa, sai ya watsar. A nan ƙwayar cutar ke koyon jure magani, jinyar irin wannan kuwa ta fi wuya nesa ba kusa ba. Fitsari zai yi ja-ja, kada a tsorata, aikin maganin ne. Amma in ido ya yi rawaya, a koma asibiti nan take.

Mutanen gida ma a kai su a duba, musamman yara ƙanana. A riƙa buɗe tagogi. Ta iska ake ɗaukar cutar, don haka ba sai an ware wa mara lafiya kwanonsa ba. Jariri kuma a yi masa allurar BCG, ta rigakafin tarin tibi, da zarar an haife shi.