Darasi na 9: Bashin kati da ya daɗe a wuya, da maganar zuwa kotu a ce an karye

Darasin yau a kan katin bashi ne, ba katin cirar kuɗi ba, don mutane da yawa suna haɗa su. Katin cirar kuɗi kuɗinka ne a ciki, in sun ƙare inji ya ce maka babu, shi ke nan. Shi kuwa katin bashi banki ne ke biya maka, ƙarshen wata ya turo takarda ya ce ga abin da ka ci, in ka biya duka kafin ranar da aka yanka maka galibi ba ruwanka da kuɗin ruwa, in ka bar saura kuma toh nan labari yake farawa. Bashi hanji ne yana cikin kowa, don haka kar wanda ya ji kunya a ajin nan, mun zo ne mu san matakin da bashin ya kai kafin mu ba kowa ko sisi.

Yadda yake kumbura

A ɗauko takarda da biro. A ce ana bin ka 5,000, ko wane irin kuɗi ne ba damuwa, kuɗin ruwa kuma kashi 24 cikin 100 a shekara. Raba 24 gida 12, kashi 2 kenan duk wata. Kashi 2 na 5,000 nawa ne? 100. Toh in ka biya 120 a wannan watan, 100 ta tafi a ruwa, 20 kacal ce ta taɓa uwar kuɗin, kai kana ganin kana biya alhali kusan a tsaye kake. In kuma ba ka biya komai ba, watan gaba a kan 5,100 za a lissafa ruwan, na gaba a kan abin da ya fi haka, haka dai ruwa na hawa kan ruwa har a shekara 3 bashin ya haura 10,000, kuma fa ba mu sa tarar latti ba. Wannan ɗan ƙaramin adadin da suke rubutawa wai shi ne mafi ƙarancin abin da za ka biya, amfaninsa kawai kar a ce ka yi latti, amma ba ya kashe bashi da wuri. Shi ya sa a Amurka aka yi doka a 2009 da ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar ƙarshen wata yawan shekarun da za ka ɗauka kafin ka gama biya in ƙaramin nan kawai kake biya. Da yawa ba sa karanta wurin.

In ka daina biya gaba ɗaya

Watannin farko waya ce da wasiƙu da tara. A Amurka in aka kai wajen kwana 180 ba biya, banki yakan rubuta bashin a littafinsa a matsayin asara, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ɗauka an yafe. Ba a yafe ba. Lissafin cikin gida ne na banki, kai har yanzu ana bin ka, sai dai sau da yawa bankin zai miƙa wa kamfanin karɓar bashi ko ya sayar musu da bashin kwata-kwata a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kuma su zo suna neman cikakken kuɗi, wani lokaci ma bashin ya wuce hannu biyu uku har ka ga sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba yana cewa yana bin ka. Sunanka kuma ya ɓaci a rajistar masu cin bashi, shekara 7 a Amurka, shekara 6 a Ingila, a tsawon lokacin samun rance ko hayar gida ma yakan yi wuya.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne sammacin kotu. Wasiƙar kamfani za ka iya ajiye ta ka yi tunani, amma takardar kotu tana da wa'adi, in ba ka amsa ba alƙali zai ba su nasara a bayan idonka ba tare da an tambaye su hujja mai ƙarfi ba, daga nan sai a fara yankar albashi ko a riƙe kuɗin asusunka na banki. Dokar tarayya a Amurka ta ce kar yankan ya wuce kashi 25 cikin 100 na albashin da ya rage bayan haraji, wasu jihohin sun rage ƙasa da haka. Ni dai a ganina shiru ya fi cutar da masu bashi fiye da kuɗin ruwan kansa, mutum ya tara ambulan a durowa bai buɗe ba saboda faɗuwar gaba, alhali a cikinsu akwai wadda kwanakinta ke ƙirguwa.

Tsohon bashi yana da wa'adi, a kula da nan sosai

A ƙasashe da yawa akwai iyakar shekarun da mai bin bashi zai iya kai ka kotu. A Ingila da Wales dokar 1980 ta sa shekara 6, a Sukotilan shekara 5, a Amurka kowace jiha da nata, mafi yawa tsakanin shekara 3 zuwa 6 ne, wasu sun fi haka. Galibi ana fara ƙirga ne daga lokacin da ka daina biya. In wa'adin ya wuce ba su kai ƙara ba, to ba su da ƙarfin da za su sa kotu ta tilasta maka, ko da yake a wurare da dama bashin bai mutu ba, suna iya ci gaba da roƙonka.

Ga tarkon. A wurare da yawa in ka biya ko ɗan kaɗan ne, ko ka rubuta da hannunka cewa e ana bin ka, agogon sai ya koma farko. Shi ya sa za ka ji mai kira yana lallaɓa ka da murya mai daɗi, wai ka turo ko 10 ne don a ga kana da niyya, kai kuma saboda kirki ka tura, ka sabunta musu shekaru da hannunka. Ba ina cewa kar a biya bashi ba ne, wanda ya ci kuma yana da hali ya biya. Ina cewa ne ka san inda kake tsaye tukuna, ka nemo ranar biyanka na ƙarshe, ka tambayi mai ba da shawara ko lauya wa'adin inda kake zaune. Kuma ko wa'adi ya wuce in sammaci ya zo sai ka amsa ka faɗa wa kotu da bakinka, a Amurka alƙali ba lallai ya duba maka wannan da kansa ba.

Kana da haƙƙi ma a kan masu kiran. Dokar Amurka ta 1977 ta hana kamfanonin karɓar bashi kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana zagi da barazanar ƙarya irin su za a ɗaure ka, kuma ta ba ka kwana 30 daga samun takardarsu ka rubuta cewa ba ka yarda ba su kawo hujja. Yi amfani da wannan, a rubuce, ka ajiye kwafi.

Kafin a kai ga kotu

Kuɗin haya da wuta da abinci da ciyar da yara su ne a gaba, bashin kati yana baya, domin bashi ne marar jingina, ba gidanka ko motarka aka ɗora a kai ba. Mai kira zai yi ta hayaniya kamar nasa ne mafi gaggawa, ba shi ba ne. Kuma don Allah kar a jinginar da gida a ciyo rance don a kashe bashin kati, an gudu ba a tsira ba kenan, ka maida bashin da ba zai raba ka da muhalli ba ya koma wanda zai iya.

Ana iya sasantawa. Tunda wanda ya sayi bashin da araha ya saya, sau da yawa yakan yarda ya karɓi wani kaso a rufe magana, amma kar ka tura komai sai sun ba ka a rubuce cewa wannan adadin ya rufe bashin duka. A Amurka ka sani in abin da aka yafe ya kai dala 600 ana sanar da hukumar haraji, tana iya ɗaukarsa kamar kuɗin shiga ne ka samu. Akwai masu ba da shawara kyauta, a Birtaniya irin su StepChange da Citizens Advice, kuma tun 2021 a Ingila da Wales akwai tsarin da ke ba mai bashi hutun kwana 60 a dakatar da ruwa da matsin lamba ya samu ya yi tunani. Kamfanonin da ke talla wai za su share maka bashi in ka fara biyansu kuwa, a yi hattara, a Amurka tun 2010 aka hana masu tallar ta waya karɓar lada kafin su sasanta bashin.

Karayar arziki a gaban kotu

Wannan ita ce ƙofar ƙarshe, wato ka je hukuma da kanka ka ce na karye ba zan iya biya ba, a duba abin da ka mallaka, a raba wa masu bi abin da doka ta yarda a raba, sauran a sauke maka. Doka ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, misalai biyu kawai za mu duba.

A Amurka hanya biyu ce ga mutum ɗaya, ana kiransu da lambar babinsu a dokar karayar arziki. Babi na 7 shi ne a sayar da kadarar da doka ba ta kare ba a share bashin kati, yakan ɗauki 'yan watanni, kuma mutane da yawa ba sa rasa komai saboda kayan gida da na sana'a da kuɗin fansho galibi a kare suke, amma tun gyaran dokar 2005 sai an auna kuɗin shigarka an ga ka cancanta, kuma dole ka zauna da mai ba da shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin ka shigar da takarda. Babi na 13 na mai albashi ne da ke son ya riƙe gida ko mota, ana tsara masa biya na shekara 3 zuwa 5, abin da ya rage a sauke. Da zarar ka shigar, kira da ƙara da yankan albashi duk su tsaya, wannan ne ma sauƙin da mutane suka fi ji. Tabon kuwa yana daɗewa, Babi na 7 shekara 10 a rajista, na 13 galibi shekara 7, kuma wanda aka sauke wa ta Babi na 7 sai bayan shekara 8 zai sake samun irinsa.

A Ingila da Wales ana cike takardar ta intanet, kuɗinta fam 680, galibi bayan wata 12 a sallame ka, wato a sauke maka bashin, amma in kana da rarar albashi za a iya ɗora maka biya har shekara 3, gidanka kuma yana cikin haɗari in kana da kaso a ciki. Mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da kadara akwai masa hanya mai sauƙi da ake ce wa DRO, wato umarnin dakatar da bashin na wani lokaci sannan a sauke shi, mai albashi kuma akwai IVA, wato yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da masu bin bashi, da ta kan kai shekara 5.

Ba kowane bashi kotu ke saukewa ba. Kuɗin ciyar da yara, tarar kotu, bashin da aka ci da yaudara, duk suna nan daram, bashin karatu ma da wuya ya sauka. Wanda ya tsaya maka ko kuka buɗe katin tare kuma shi ba a sauke masa ba, kansa za su koma, saboda haka ka gaya masa tun wuri kar ya ji a bakin masu kira. Akwai kuma dabarun da mutane ke yi suna ganin wayo ne, su maida mota sunan ƙani, ko su yi sauri su biya 'yan uwa su bar banki, ko su kwashi sayayya da katin ana gobe za su kotu. Duk ana bincikawa. A Amurka kuɗin da ka biya ɗan uwa cikin shekara ɗaya kafin shigarwa ana iya karɓo shi daga hannunsa, ɓoye kadara kuwa laifi ne da zai iya sa a hana ka saukewar gaba ɗaya. Masu tambayar ko haƙƙin ya sauka tsakaninsu da Allah, wannan ta malamai ce, abin da kotu ta yi shi ne ta hana a bi ka, ba ta hana ka biya da kanka ba in ka samu hali daga baya.

Toh wa ya kamata ya yi tunaninta? Ma'aunin da ni nake ba da shawara shi ne, cire buƙatun dole daga kuɗin shigarka na wata, abin da ya rage ka ninka shi sau 60, watannin shekara 5 kenan. In bai kai ko kusa da uwar bashin ba, ko an riga an fara yankar albashinka, lokacin zama da lauya ya yi. In kuwa bashin ya kusa cika wa'adinsa, ko ba ka da albashi ko kadarar da za a iya taɓawa, mai yiwuwa ba ka ma buƙatar kotun, ka ji ta bakin mai shawara kafin ka kashe kuɗin shigar da takarda.

Aikin gida

Kowa ya ja layi huɗu a takarda. Na farko sunan wanda ke bin bashin yanzu, ba wanda ya ba da katin tun farko ba in sun bambanta, na biyu adadin da suke nema, na uku wata da shekarar biyan ƙarshe, na huɗu ko takardar kotu ta taɓa zuwa. Wanda ba shi da bashin kati ya yi wannan lissafin maimakon haka: ana bin mutum 3,000, ruwa kashi 2 cikin 100 a wata, ya biya 75, nawa ne ya tafi a ruwa nawa ne ya rage uwar kuɗin? Ambulan ɗin da ba a buɗe ba a zo da su aji na gaba, wanda karatun ke ba shi wuya a taya shi karantawa a keɓe.