Naɗaɗɗiyar Waya Da Bangon Gidan Haya: Ga Sababbin Zuwa

Cikin wata biyun nan mutum uku daga cikin mutanenmu sababbin zuwa nan ƙasar waje sun kira ni a kan magana ɗaya. Na farko tela ne, yana son fitilar da zai riƙa jawowa kusa da allura, in ya saki ta koma wurinta. Na biyu ɗalibi ne, yana harhaɗa wata 'yar na'ura da ke buƙatar waya mai layi shida a ciki. Na ukun bai kira ni ba sai da ya huda bangon ɗakin da yake haya. Dukansu abu guda suke nema, wato wayar nan mai murɗi kamar sifirin, irin ta kan tarhon tebur na da, wadda ke miƙewa in an ja ta, ta tattare in an saki, kuma a cikinta akwai layi fiye da ɗaya. Na bi wannan hanya kafin su, na sha wuya a kanta, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya amfana.

Sunanta ba shi da wuya. A ƙasashen Ingilishi ka ce coiled cable ko curly cord, a takardun kamfanonin Amurka za ka ga retractile cord, Jamusawa na cewa Spiralkabel, Faransawa câble spiralé. Ka dai lura da bakinka, domin in ka ce coil of cable za a ɗauko maka miƙaƙƙiyar waya mita hamsin a naɗe kamar gammo. Nuna hoto a wayarka ya fi dogon bayani. Manyan shagunan kayan gini ba su cika ajiye ta ba. Wurin samunta shi ne dillalan kayan lantarki da ke sayarwa ta intanet, irin su RS, Farnell, Digi-Key da Mouser, ko masu ƙera ta kamar Lapp na Jamus. Mai neman layi bakwai masu kauri ya duba wajen masu kayan manyan motoci, don irin wayar da ke haɗa kan tirela da bodinta ke nan.

Kafin ka biya, abu huɗu za ka sani: layi nawa, kaurin kowane layi, ƙarfin wutar da aka yi ta dominsa, da tsawonta in an miƙe ta. Kaurin ne ke rikita mutanenmu. A Turai da milimita murabba'i ake aunawa, a Amurka da Kanada kuwa da lambar AWG, kuma wannan lamba a juye take tafiya: in ta ƙaru, wayar sirancewa take yi. Lamba 24 kusan 0.2 ce, lamba 18 kusan 0.8, lamba 14 ta ɗan haura 2. Na ga wanda ya zaɓi 24 yana murna wai ya samu wadda ta fi 16 ƙarfi. A jikin wayar Turai za ka ga rubutu kamar H05BQ-F 3G0.75. 05 ɗin na nufin volt 300 zuwa 500, harafin F na nufin mai lanƙwasuwa ce, 3 yawan layi ne, G na nufin ɗaya daga cikinsu layin ƙasa ne (wato earth, mai kare mutum daga jan wuta) mai kore da rawaya, 0.75 kuma kauri. Harafin Q shi ne rigar PUR, robar da ke riƙe murɗinta shekara da shekaru. Mai rigar PVC ta fi saurin saki, bayan 'yan watanni sai ka gan ta tana reto kamar igiyar shanya.

Ga abin da ba wanda ya gaya mini sai da na ƙone kuɗina. Wayar da ke cikin murɗin ta fi abin da idonka ke gani tsawo nesa ba kusa ba. Ɗauki waya mai kaurin milimita 5 da aka naɗe ta faɗin murɗin ya kai santimita 2. A mita ɗaya na murɗi akwai zagaye 200, kowane zagaye ya kusa santimita 5, ka ga wuta za ta yi tafiyar mita tara da wani abu kafin ta isa, ta sake yin wata tara ta dawo. In layin siriri ne mai 0.2, kuma fitilarka ta volt 12 tana jan amp 2, kusan volt uku za su salwanta a hanya su zama zafi. Fitila ta yi dishi-dishi, waya ta yi ɗumi, kai kuma kana zargin adafta. Sannan zagayen suna manne da juna, zafin ba ya samun hanyar fita. Dalilin ke nan da za ka ga lamba biyu a jikin doguwar wayar ƙari mai naɗewa a ganga, ɗaya ta lokacin da take naɗe, ɗaya ta lokacin da aka warware ta duka. Saboda haka ka ɗauki kaurin da ya ɗara lissafinka. Game da tsawo, yawancinsu suna miƙewa ninki uku zuwa biyar, amma kada ka saya da niyyar ja har ƙarshe kullum.

Wayar kan tarho ta ruɗe ni, kuma tana ruɗin kowa, don layi huɗu gare ta kuma ana samunta a banza. Na yanke ta, na fere robar, sai na tarar ba waya ba ce irin wadda na sani. Wani siririn jan ƙarfe ne mai kama da ganyen azurfar kwalin sigari aka naɗe a kan zare. Da na kai masa dalma sai zaren ya ƙone, ƙarfen ya marmashe. Don ɗaukar murya aka yi ta, ba don fitila ko fanka ba. Haka nan ku yi hattara da masu arahar da ba su da rubutu a jiki. Wasu alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare sili guda na wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar musu da kayansu. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba wajen wuce da wuta, kuma yana karyewa in ana yawan lanƙwasa shi, alhali aikin wannan waya ke nan dare da rana. Araha ba ta ado.

Yanzu ga inda ya yi mini ciwo.

A shekarata ta biyu a Ingila ina zaune a ɗaki guda cikin wani tsohon gida da muke haya mu biyar. Na samu wayar da nake so, mai layi uku, kyakkyawa. Niyyata in rataye fitila daga sama ta sauko kan teburin da nake gyare-gyare. Maimakon in sa mata filogi in cusa a soket, sai na ga ai ya fi tsabta in haɗa ta da wurin da ƙwan ɗakin ke rataye. Na kashe makunnin bango, na hau kujera, na kwance murfin. Na zaci waya biyu zan gani, sai na tarar da ja uku da baƙi uku, ga na ƙasa. Abin da na sani tun ina yaro shi ne ja wuta ne, baƙi kuma na dawowa. Sai na tattara baƙaƙen wuri guda na ɗaure, na huda silin na sa ƙugiya, na sauko na danna makunni. Wata ƙara ta tashi, fitilun benen gaba ɗaya suka mutu, har da ɗakin wata mata mai jariri. Ƙarfe goma na dare ya wuce. Ban san ma inda akwatin fis yake ba, ashe yana cikin wani ɗan ɗaki da mai gidan ya kulle.

Washegari mai gida ya zo da mai gyaran wuta. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Ya ciro ɗaya daga cikin baƙaƙen ya nuna mini wani ɗan guntun jan tef da ya dafe a jikinsa, ya ce wannan ba na dawowa ba ne, shi ne ke kawo wuta daga makunni, jan tef ɗin shi ne shaidarsa. Sannan ya ɗora na'urar gwaji a kan jajayen nan uku alhali makunnin bango na kashe, ta yi ƙara. Ya dube ni ya ce tun jiya da nake kan kujerar nan, volt 230 na nan kusa da yatsuna. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Allah ne ya tsare.

Abin da ya biyo baya ya fi daren tsawo. Takarda ta zo da hoton ramin da na yi a silin, kusa da hoton da aka ɗauka ranar da na shiga ɗakin, silin lafiya lau. An ja layi a ƙarƙashin wani sakin layi na yarjejeniyar haya, wanda na sa wa hannu ban karanta ba, cewa ba a canza komai a ginin sai da izinin mai gida a rubuce. Aka cire kuɗin mai gyara da na fenti daga kuɗin ajiyata. Wannan duk mai sauƙi ne. Da na tashi neman wani gida, sabbin masu gida suka nemi takardar shaida daga tsohon, shi kuwa ya rubuta gaskiyar abin da ya faru. Gida biyu suka kuɓuce mini a kan waya mita ɗaya. Wata uku na yi a falon wani ɗan'uwanmu, Allah ya saka masa da alheri.

Don haka in na ji sabon zuwa yana cewa, "Haba Yaya, ai ni na saba yi wa kaina wayarin, wannan wane aiki ne?", raina yakan ɓaci, ba don na raina hannunsa ba. Iya aikin daban, sanin dokar wurin daban. A Ingila tun 2005 sashen dokar gini da ake kira Part P ya shafi wutar gidajen zama, kuma sabon layi daga akwatin fis ko aiki kusa da wurin wanka sai an sanar da hukuma ko mai rajista ya yi. Tun 2020 kuma dole mai gidan haya ya sa a duba wutar gidansa aƙalla duk shekara biyar, ka ga duk abin da ka ɓoye a silin akwai ranar da za a buɗe shi. A Jamus wanda ke cikin rajistar kamfanin rarraba wuta ne kaɗai ke da izinin taɓa wayoyin gini. A Amurka kundin dokar lantarki, NEC, ya hana a mai da waya mai lanƙwasuwa madadin wayar gini, ya hana a bi da ita ta cikin bango, silin, ƙofa ko taga. In gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, abin da masu inshora za su fara tambaya shi ne wa ya yi aikin.

Launi kuma kada ka amince da abin da ka haddace. A Turai yanzu ruwan ƙasa ne mai wuta, shuɗi na dawowa, kore da rawaya na ƙasa. Ingila ta koma wannan tsari a wayoyin gini tsakanin 2004 da 2006, shi ya sa tsofaffin gidaje ke da ja da baƙi, wasu ma a gauraye. A Amurka, inda wutar soket volt 120 ce, baƙin shi ne mai wuta, fari na dawowa, kore na ƙasa. Wanda ya tashi da sanin cewa baƙi ba ya kamu, ranar farko a can zai iya kama mutuwarsa da hannu.

Abin da nake gaya wa kowa yanzu shi ne aikinka ya ƙare a filogi. In abin zai yiwu da volt 12 ko 24, ka sayi adafta mai shaidar inganci, naɗaɗɗiyar wayar ta ɗauki ƙaramar wuta kawai. In dole sai wutar soket, ka sayi wadda aka yi don hakan, in da hali mai filoginta tun daga masana'anta, mai layin ƙasa in jikin fitilar ƙarfe ne. A Ingila filogi na da fis a ciki, fitila fis mai amp 3 take so, ba 13 ba. Ka ɗaure wayar da maƙalli a inda ta shiga jikin fitilar, domin ja ya sauka a kan riga, kada ya sauka a kan mahaɗa. Rataya kuma akwai sanda mai matsewa a gefen tebur, ba ta barin tabo. In ka ga lallai sai an huda wani wuri, rubuta wa mai gida saƙo, ka sa hoto, ka jira amsa a rubuce ka adana. "Ba komai" da aka faɗa a bakin ƙofa ba ta da amfani ranar rabuwa.

Alhamdu lillahi, yau ba kamar lokacin da na zo ba ne. A cikinmu akwai waɗanda suka zauna suka yi jarrabawar aikin lantarki ta ƙasashen nan suka ci, suna aiki da takardunsu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ƙi amsa tambayar ɗan'uwa ba. Ɗaya daga cikinsu na ɗauka muka je ɗakin yaron nan na uku ranar Asabar. Ramin da ya huda yana sama da soket kai tsaye, daidai inda wayar gini ke bi, tazarar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Muka zauna tare muka rubuta wa mai gidansa saƙo da hoton ramin, ya nemi afuwa ya ce zai biya gyara. Fitilar tasa tana aiki yanzu da adafta mai volt 12 da waya mai layi biyu, 0.75 kowanne, a maƙale a gefen tebur.