Jirgin rimot mai injin jet: yadda ake haɗa shi, a tayar da shi, a sauke shi lafiya

Injin da ke cikin waɗannan ƙananan jirage injin jet ne na gaskiya, ƙanƙantar da shi kawai aka yi. Yana zuƙo iska ta gaba, kwamfuresa ta matse ta, a fesa mata kananzir a ɗakin ƙonawa, iskar mai zafi ta juya fankar baya sannan ta fice da ƙarfi ta tura jirgin. Wani Bajamushe, Kurt Schreckling, shi ya nuna wa duniya a ƙarshen shekarun 1980 cewa mutum zai iya ƙera irinsa a gida, har kwamfuresar injinsa na FD3 da katako ya yi ta. Daga baya aka samu KJ-66 na Schreckling ɗin da Jesús Artés, wanda ya ari kwamfuresa mai faɗin milimita 66 daga turbon mota. Yau kamfanoni irin su JetCat a Jamus da KingTech a Taiwan da Xicoy a Sifaniya da AMT a Holan suna sayar da injin da ke tayar da kansa. A 2017 Niels Herbrich ya kai gudun kilomita 749 a awa da jirginsa a Jamus.

Abin da ya kamata mai farawa ya riƙe shi ne injin nan ba kasafai yake cin amana ba. Galibin jiragen da suke faɗuwa, ko dai iska ce ta shiga layin mai, ko kuma matuƙin bai saba da jinkirin totur ba. A kan waɗannan biyun za mu fi tsayawa.

Kafin ka sayi injin

Kada jirgin kananzir ya zama jirginka na farko, ko na biyu. Fara da manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, sai jirgin koyo mai farfela, sai mai ɗan gudu wanda fiffikensa ke ƙasa. Daga nan ka koma jirgin EDF, wato mai fankar lantarki a cikin bututu. Mai faɗin milimita 80 da batirin LiPo na 6S, mAh 4,000 zuwa 5,000, zai ba ka minti uku zuwa huɗu a sama, kuma zai koya maka sauka da gudu ba tare da iskar farfela na kaɗa wutsiya ba. Idan kana iya sauke shi a wuri ɗaya sau goma a jere, har da ranar da iska ke zuwa ta gefe, lokaci ya yi. Jirgin da ke gudun kilomita 250 a awa yana cin kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya, ba ya jiran mai tunanin ina ne dama ina ne hagu.

Batun doka ma sai an share shi tun da wuri. A Amurka ƙungiyar masu tashin jiragen rimot ta AMA ba ta barin mambanta ya tashi jirgin jet sai da takardar shaida ta musamman, kuma ta kayyade gudu a mil 200 a awa. A Najeriya, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta hana tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Nemi takardunka kafin kayan su iso, kuma ka nisanci filayen jirgi da barikoki.

Zaɓin jirgi da injin

Jirgin farko ya zama na koyo, mai faffaɗan fiffike, irin Boomerang mai wutsiya biyu da injinsa ke zaune a fili. Amfanin wannan siffa babba ne: kana ganin komai da ido, babu bututun salansa, in wuta ta kama tana waje. Kwafin jiragen yaƙi suna da kyau, amma fiffikensu ƙarami ne, nauyinsu da yawa, a bar su sai gaba.

Jirgi mai nauyin kilo 8 zuwa 10 babu mai, injin niyuton 80 zuwa 100 ya ishe shi. Ɗauki JetCat P100-RX a matsayin ma'auni: turinsa niyuton 100, kusan kilo 10 ke nan, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, yana silo a kusan juyi 44,000 a minti, ya kai sama da 150,000 in an ba shi totur duka, iskar da ke fita bayansa kuma tana iya haura digiri 700. Waɗannan alƙaluma an auna su ne a zafin digiri 15 a bakin teku. A ranar da zafi ya kai digiri 40 kaurin iska na raguwa da kusan kashi 8 cikin ɗari, in wurin tudu ne ya ƙara raguwa. Injin zai yi rauni, jirgin kuma zai nemi titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Mai tashi a watan Afrilu ya zaɓi sanyin safiya.

Sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa fiffike da wutsiya, su zama masu giyar ƙarfe, kuma kada a bar ko ɗan sakwarkwacewa a sandunan da suka haɗa su. A babban gudu wannan 'yar rawar ce ke zama kaɗawa mai ƙarfi har wutsiya ta ɓalle a sama. Risiba, wato na'urar da ke karɓar siginar rimot, ta samu batir biyu, kwamfutar injin, wadda ake kira ECU, ta samu nata daban irin wanda kamfanin ya faɗa. Tayoyi su kasance da birki, domin ko a silo injin yana ci gaba da turi.

Layin mai

Man shi ne Jet A1 ko kananzir mai tsabta, wasu injinan suna karɓar dizal. Ana haɗa shi da oyil na injin jet, irin su Mobil Jet Oil II ko AeroShell 500 ko na kamfanin injin, yawanci kashi 5 cikin ɗari: lita ɗaya a jarka mai lita 20. Dalili kuwa, injin ba shi da tukunyar oyil. Ana ɗiban kaɗan daga man ana kai wa boris guda biyu da sandar injin ke juyawa a kansu, wannan ne kaɗai abin da ke jiƙa su. Ka manta oyil, boris ya ƙone cikin mintuna. Kananzir ɗin bakin hanya da ba ka san asalinsa ba ka guje shi, don akan samu mai ruwa ko wanda aka surka da fetur, kuma fetur a wannan injin gobara ce. Tace man sau biyu, lokacin zuba shi a jarka da lokacin ɗura shi a jirgi.

Jerin layin shi ne babban tanki, sai ƙaramin tankin kama iska da ake kira UAT, sai famfo, sai filta da bawul ɗin hannu, sai injin. Bi zanen littafin injinka wajen jera na ƙarshen nan, don kamfanoni sun ɗan bambanta. Babban tanki ya zauna kusa da tsakiyar nauyin jirgi, saboda lita biyu da rabi na kananzir kilo biyu ne, kuma wannan nauyi zai ƙare a sama. Cikin tankin akwai tiyo mai laushi da ɗan ƙarfe mai nauyi a bakinsa, yana bin mai duk inda ya karkata. Juya tankin sama da ƙasa a hannu, dole ka ji ƙarfen yana faɗawa kowane gefe ba ya maƙalewa. Kada ka sa tiyon silikon, kananzir na kumbura shi. Tiyon Tygon ake sawa a ɓangaren zuƙa, sannan siririn tiyon milimita 4 daga famfo zuwa injin.

Ga inda aka fi yin asara. Daga tanki zuwa famfo zuƙa ake yi, don haka in akwai kafa, mai ba zai ɗiga ka gani ba, iska ce za ta shiga a ɓoye. Kumfa ɗaya mai girman ƙwayar wake ta isa ta kashe wutar injin. Shi ya sa a wannan ɓangare ake amfani da haɗi mai ƙaya da ake cusa tiyo a kai, a ɗaure kowanne da siririyar waya zagaye biyu. Haɗin turawa irin na Festo a bar shi bayan famfo inda matsi yake, kuma a yanke tiyonsa daidai da reza, ba da almakashi ba, don yankan karkace ba ya zama a kan robar ciki. Tiyon da ke tsakanin UAT da famfo ya zama gajere. Ƙofar shan iskar tanki ta zama mai faɗi, in ta ƙuntata za ka ga UAT yana lotsewa a babban totur, famfo na wahala.

Gwajin ba wuya. Cika komai, a riƙe jirgin, ka ba shi totur duka na rabin minti kana kallon UAT. In kumfa na shigowa a jere, akwai kafa a baya, kuma jirgin ba zai tashi ranar ba sai an gano ta. Bayan kowace sauka ma ka duba: iskar da ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na UAT alama ce.

A bakin injin sa ragar kare shara. Tsakuwa ko noti ɗaya da ya shiga zai fasa kwamfuresa. Da hunturu ƙura na taruwa a ragar ta toshe ta, injin ya riƙa zafi, sai a riƙa goge ta da burushi. Duk wata waya da ke kusa da bakin a ɗaure ta. Tsakiyar nauyi kuma ana auna ta ne da babban tanki babu mai, UAT cike, tayoyi a sauke, domin haka jirgin zai kasance lokacin sauka.

Saitin rimot da tayarwa

Koya wa ECU matsayi uku na totur: kashewa, silo, da ƙarshe. Sannan saita abin da jirgin zai yi in sigina ta yanke, wato injin ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Gwada shi a ƙasa: injin na silo, mataimaki na riƙe, ka kashe rimot ka tabbatar ya mutu. Gwajin nisan sigina ma a yi shi sau biyu, injin a kashe da kuma yana aiki.

Lokacin ɗura mai bawul ɗin hannu ya kasance a rufe. In a buɗe yake, mai na iya silalewa ya kwanta cikin injin, da an tayar sai harshen wuta ya fito ta baya ya cinye wutsiya. In kana zargin mai ya kwanta, karkata jirgin ya tsiyaye, ka busar. Juya hancin jirgi ya fuskanci iska, bayan ya zama babu busasshiyar ciyawa. Mutane su koma gaba da nisan mita 8 ko fiye, kada kowa ya tsaya daidai gefen injin, don in fankar baya ta fashe ta nan ɓaraguzai ke fita. Toshe kunne. Tukunyar kashe wuta ta CO2 ta kasance a hannun mataimaki. Mai garin hoda tana kashe wuta amma tana lalata injin.

Buɗe bawul, ba da umarnin tayarwa. Fulogi zai yi zafi, sitata ta juya sanda, famfo ya fara turo mai kaɗan, ka ji wutar ta kama, juyi ya riƙa hawa har sitata ta saki, injin ya zauna a silo. Idonka na kan allon da ke nuna zafi da juyi. In wuta ta fito mai tsawo, kashe daga rimot, rufe bawul, a fesa CO2 ta bakin injin a gajarce. In ya ƙi kamawa, duba batirin ECU tukuna, domin raunin batir ne ya fi kawo hakan, kuma kada ka yi ta maimaitawa mai na taruwa a ciki.

A sama da wajen sauka

Daga silo zuwa cikakken ƙarfi injin na ɗaukar daƙiƙa uku zuwa biyar, kuma yawancin turin yana can saman sandar totur. Saboda haka sai ka riga jirgin tunani: ka ba da totur kafin ka shiga kwana, ka rage tun kafin ka so rage gudu. Wajen tashi, riƙe birki, kai totur rabi, saki, sannan ka cika. Bari ya yi gudu sosai kafin ka ɗaga hanci a hankali.

Injin niyuton 100 na shan kusan mililita 390 a minti a cikakken totur, wato lita biyu da rabi ba za ta kai minti bakwai ba. A tashin farko saita agogo a minti huɗu, ka sauka ka ga abin da ya rage, sannan ka daidaita yadda kashi ɗaya cikin uku zai riƙa saura. Wannan ragowar ita ce ta sake zagaye in saukar farko ba ta yi ba. A wannan tashin kuma, hau sama sosai, sauke filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ke lanƙwasowa ƙasa, da tayoyi, ka rage gudu har fiffike ya daina ɗaukar jirgin, don ka san iyakarsa tun yana da sararin farfaɗowa.

Sauka ana yinta da ɗan totur, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, filaf a ƙasa, hanci ɗan sama. Filaf ke cinye gudu, totur ke riƙe gangarowa. Ba a mayar da shi silo sai an zo bakin titi. Wanda ya rufe totur tun daga nesa, in ya ga zai gaza kaiwa ya tura sandar, kafin injin ya amsa jirgin ya riga ya taɓa ƙasa. In za ka fasa sauka, yanke shawara da wuri, cika totur, riƙe jirgin a miƙe har sai ƙarfin ya zo kafin ka ja sama. In kuwa injin ya mutu a sama, alamarsa farin hayaƙi da shiru, sunkuyar da hanci ka riƙe gudu, bar filaf a sama har sai ka tabbatar za ka kai titi. Saukar ciki a ciyawa ta fi kwana mai kaifi a ƙasa-ƙasa sauƙin gyara.

Bayan ka kashe injin kada ka kashe wutar jirgin. ECU za ta riƙa juya sitata tana hura iska har zafi ya sauko ƙasa da digiri 100, in ka katse wannan zafin zai taru a boris na baya ya rage masa kwana. Rufe bawul, duba UAT, juya kwamfuresa da yatsa bayan ta huce ka saurara: ƙarar gurzawa ko sabon kuka mai kaifi na nufin boris ya fara gajiya. Yawancin kamfanoni suna neman a mayar musu da injin bayan awa 25 na aiki don canza boris da daidaita sanda, kuma ECU na ƙirga awannin, sai ka riƙa duba adadin kana rubutawa.