Kurakuran da ke hana ɗalibanmu na tarihi a Saudiyya samun kuɗin zuwa taron ilimi

Bara wani ƙanina mai digiri na uku a tarihi a nan Madina ya same ni bayan Isha'i, ya miƙo min waya. An karɓi maƙalarsa a wani taron ilimi, kan alhazan ƙasa da suka yada zango a Sudan a hanyarsu ta Makka. Ya ce, "Yaya, saura kuɗin jirgi." Da na duba, saƙon ya yi wata biyu da zuwa, an kuma rufe neman tallafi tun makon jiya. Abin ya dame ni, don aikin nasa mai kyau ne.

Jinkiri shi ne babbar cutarmu. Ƙungiyoyin masana na Amurka irin su American Historical Association, mai taro a Janairu, da Middle East Studies Association suna ware wa ɗalibai ɗan tallafin tafiya, amma wa'adinsa daban yake da na tura maƙala, kuma galibi sai ka zama mamba. Ranar da ka tura maƙala, a ranar ka nemo wa'adin tallafin ka rubuta shi da kwanan Miladiyya. Mu da muka saba da kirgen Hijira, nan ƙafa take zame mana.

Sai zaton cewa kuɗin a hannu za a ba ka kafin tafiya. Yawancin tallafin nan mayarwa ake yi: ka kashe naka, ka kawo rasit, a biya ka. Alawus ɗin wata ba zai sayi tikitin Jidda zuwa Amurka ba, saboda haka tun da wuri ka san inda za ka ranta. Kuma kada ka yar da komai, rasit ɗin masauki, na rajista, har guntun katin shiga jirgi. Ka ɗauki hotonsu nan take.

Wasu kuma sukan rubuta "ina neman taimako" kawai. Kwamiti lissafi yake so: jirgi nawa, kwana nawa, biza nawa. Ta ziyarar Amurka dala 185 ce, ba a mayarwa ko an hana ka. Ka faɗi abin da sashenku ya ɗauka, ko kaɗan ne.

Wanda ya fi ciwo shi ne a sami kuɗi, takardu su tare hanya. Mai iƙama, wato katin izinin zama, ba ya fita sai da bizar fita da dawowa, kuma ta hannun jami'a take bi. In iƙamarka ta kusa ƙarewa, ko abin da ya rage wa fasfo bai kai wata 6 ba, fara da su. Malaminka ma ka ba shi mako uku ya rubuta maka wasiƙar shaida, kada ka tare shi a ƙofar masallaci ana gobe rufewa.

Ƙanin nawa ya sake turawa bana. A bangon ɗakinsa na ga takarda manne, wa'adi huɗu da jan biro.