In ka je sarin kaya Istanbul, ga yadda zaka zagaya tsibirin Buyukada da motar lantarki

'Yan uwana 'yan kasuwa na Garwa da Marwa da Kusuri har da na Njamena, maganar nan taku ce, musamman masu zuwa Istanbul sarin kaya. Kun san yadda abun yake, ka gama zagayen Laleli da Merter, ka sari abaya da takalma da kayan yara, ka miƙa ma masu kargo sun auna sun baka takarda, sai kwana biyu ko uku su rage kafin jirginka ya tashi, sai kaga Alhaji ya kwanta a ɗakin otel yana ta danna waya har ranar komawa. Ni ma haka nayi zuwana na farko da na biyu. A na uku ne wani yayana da ya jima yana wannan hanyar ya ce tashi mu je ka ga teku, kuma wallahi tun daga ranar in dai na je sai na ware kwana ɗaya don wannan tsibirin.

Sunansa Buyukada, ma'anarsa a yarensu babban tsibiri, shi ne mafi girma cikin tsibirai 9 da ke tekun Marmara kusa da Istanbul, su mutanen gari Adalar suke ce musu gaba ɗaya. Girmansa duka bai wuce murabba'in kilomita 5 da ɗoriya ba. Abun da ya bambanta shi da cikin gari shi ne ba a yarda kowa ya shiga da motarsa ba, sai motar asibiti da ta 'yan sanda da ta kashe gobara da ta kwasar shara. A da keken doki ne yake ɗaukar mutane, to a ƙarshen 2019 wata cutar dawakai ta ɓulla aka rasa dawakai da yawa, dama kuma mutane sun jima suna kukan wahalar da dabbobin suke sha a hawan tudu, sai a 2020 aka hana keken dokin aka kawo motocin lantarki. Akwai masu kama da ƙaramar bas, akwai kuma ƙanana masu kujeru kaɗan irin waɗanda ake yawo da su a filin wasan golf, su ne tasi ɗin tsibirin. Amma bari in faɗa maka tun yanzu kar ka sa rai za a miƙa maka makulli ka tuƙa da kanka kamar yadda ake yi a wasu tsibirai irin su Isla Mujeres na ƙasar Meziko. Nan motocin na hukumar sufurin birnin ne, IETT, kuma da direbansu suke zuwa. Abun da zaka iya haya ka tuƙa da hannunka keke ne.

Shirin yana farawa tun daren da ke kafin ranar tafiya. Ka nemi Istanbulkart, katin nan da ake shiga taram da metiro da shi, ana sayensa a na'urorin da ke bakin tashoshi. Shi zai shigar da kai taram, shi zai shigar da kai jirgin ruwan gwamnati, shi kuma zaka ɗora a motar lantarkin tsibiri, don haka ka zuba masa kuɗi da ɗan dama tun kana cikin gari, saboda baƙo yana biyan fiye da abun da ɗan tsibiri ke biya, kuma ba daɗi ka bi layi ya zo kanka na'ura ta ƙi karɓa. In ku uku ne kowa ya riƙe nasa, ya fi kwanciyar hankali. Ranar zuwa kuma don Allah ka zaɓi tsakiyar mako, Litinin zuwa Alhamis. Asabar da Lahadi, balle lokacin zafinsu wajen Yuli da Agusta ko ranakun Sallah, rabin Istanbul can suke kwarara, jirgi ya cika maƙil har kujera ka rasa. Ni na fi son Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba.

Da safe in ka yi asuba ka karya, ka shiga taram T1 a tashar Laleli, wanda ya nufi Kabatash, ka zauna har ƙarshen layi, zai wuce Sultanahmet da Eminonu ya tsallake gada. Kana sauka ka nemi inda aka rubuta Adalar. Jirgin gwamnati sunansa Shehir Hatlari, akwai na kamfanoni ma a gefe. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko ta ɗan haura, in kuma otel ɗinka a ɓangaren Asiya yake to ka tashi daga Bostanji, can ya fi kusa sosai. Ka ɗauki rigar sanyi ko da rana ta fito tarwai, mu da muka saba da zafin Garwa na watan Maris iskar tekun nan tana shiga ƙashi, ba irin ta bakin Binuwai ko tafkin Lagdo ba ce.

Ka nemi kujera a waje ta baya. Ana sayar da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, da simit, burodin nan mai zagaye da aka barbaɗe da riɗi. Zaka ga yara suna gutsura suna jefawa sama, fararen tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafkewa a iska tun kafin ya faɗo ruwa, wani ma har hannun mutum yake zuwa ya fizge. Sai ka kula da abu ɗaya, jirgin yana tsayawa a tsibirai huɗu ɗaya bayan ɗaya, Kinaliada, Burgazada, Heybeliada, sannan Buyukada a ƙarshe. Ranar da na fara zuwa ni kaɗai na ga jama'a sun tashi da yawa sai na bi su, ashe Heybeliada ne, sai da na zauna jiran jirgi na gaba safiyata ta tafi. Ka karanta allon tashar kafin ka taka ƙasa.

Kana sauka, kafin komai, ka ɗauki hoton jadawalin jiragen komawa da wayarka, ka san na ƙarshe, ka kuma sa a ranka ba shi zaka hau ba sai wanda ke gabansa. Daga nan ka miƙe sama kaɗan zaka iske dandalin da ke da hasumiyar agogo, nan ne cibiyar gari, masu ayis kirim da masu hayar keke duk nan suke. Masallacin Hamidiye wanda Sarki Abdulhamid na II, sarkin Turkawa na da, ya sa aka gina yana ɗan sama da kasuwa, ka tambayi kowa "jami" zai nuna maka, akwai wurin alwala. Ni shawarata ka sabunta alwala a nan kafin ka shiga daji.

To yanzu batun mota. Tasharsu tana kusa da dandalin agogon, zaka ga layin mutane. In ku kaɗan ne kuma ba ku da gaggawa, ku hau mai kama da bas ɗin, ta fi arha. In akwai Hajiya ko dattijo ko ƙananan yara a tare da ku, ku jira ƙaramar. Kalma ɗaya ta ishe ka da direba, ka ce masa "Lunapark", shi ne dandalin da ke tsakiyar tsibirin tsakanin tuddai biyu, kuma daga nan hanyoyi suke rabuwa. Mutanen wurin suna da zagaye iri biyu, ƙarami wanda ke kewaye rabin tsibirin na arewa inda gidaje suke, da babba wanda ke bi ta kudu cikin daji da bakin teku. In lokacinka kaɗan ne ƙaramin ya wadatar. Ka zauna ta gefe, motar ba ta ƙara ko kaɗan, har kukan tsuntsu kana ji. A titin Chankaya zaka wuce manyan gidajen katako farare na attajiran zamanin daular Usmaniyya ta Turkiyya, masu baranda da sassaƙa, furanni ja da ruwan hoda sun zubo ta kan katanga, kyanwoyi kwance a kan matakala. In wani gida ya burge ka ka sauka a tasha ta gaba ka dawo da ƙafa, sai dai ka tuna duk sabon hawa sabon biya ne. A cikin irin waɗannan gidajen ne ɗan siyasar Rasha Leon Trotsky ya zauna daga 1929 zuwa 1933 bayan an kore shi daga ƙasarsa, dama tun zamanin Rumawa nan ake jefa 'ya'yan sarauta da aka tuɓe, shi ya sa Turawa ke ce musu tsibiran yarimomi.

Daga Lunapark mota ta gama nata, saura ƙafa. Tudun Yujetepe shi ne mafi tsawo, mita 203, kuma hanyar hawansa ta dutse ce mai tsayi, wajen kilomita ɗaya, minti ashirin zuwa talatin in kana hutawa. Kar ka zo da silifa ko takalmin Juma'a mai santsi, ka sa kambas, ka riƙe gorar ruwa. A saman akwai tsohon cocin Girkawa Aya Yorgi, duk 23 ga Afrilu dubban mutane ke hawa ziyara suna warware zare a kan hanya, wannan ranar ka kauce mata. Mu abun da ke kai mu shi ne kallo, kuma ya cancanci gumin. Ka tsaya a kan duwatsun bayan cocin, teku ta kowane gefe, sauran tsibirai a ƙasa, dogayen benayen Istanbul can nesa kamar an jera kwalaye, ga ƙamshin bishiyoyin nan masu ganye kamar allura. Ni duk sanda na tsaya nan sai na samu bakina da tasbihi. Don girman Allah kar ka kunna sigari a dajin, wuta tana kama shi da sauri.

In ƙafarka da saura, ɗayan tudun yana da wani gini da ban taɓa ganin irinsa ba, zallan katako hawa-hawa, ana lissafa shi a matsayin ginin katako mafi girma a Turai. A 1898 aka gina shi don ya zama otel da gidan caca, Sarki Abdulhamid ya hana izini, sai a 1903 ya koma gidan marayun Girkawa har zuwa 1964 da aka rufe shi. Yanzu rufinsa yana zubewa, an kewaye shi da waya, daga waje kawai zaka tsaya. Abun yana taɓa zuciya in ka tuna yara nawa suka tashi a ciki.

Masu ƙarfi a jika da suke son keke, ana bayarwa na awa ko na yini. Ka gama ciniki kafin ka hau, ka matse birkin gaba da na baya a gaban mai shago, ka hau ka ɗan zagaya ka dawo, saboda gangaren tsibirin ba wasa ba ne, kuma motocin lantarkin ba a jin zuwansu ta baya. In an nemi ka bar shaida kar ka bar fasfo ɗinka, ka ba da kwafi ko katin otel, in ya ƙi ga wani shagon nan kusa. Cikin kasuwa kuma ka sauka ka tura da hannu.

Abinci, gidajen kifi sun yi layi a bakin ruwa suna ta kira. Ka tambayi kuɗi kafin ka zauna, wani kifin da kilo ake sayarwa, ka sa a auna a gabanka a faɗa maka jimla, ka kuma tambaya ko ƙananan faranta da suke jerowa a tebur kyauta ne. Da yawansu suna sayar da giya, in ba ka son zama a irin wurin ka shiga lungunan bayan hasumiyar agogo, akwai ƙananan gidajen abinci masu miya da shinkafa da kebab a kuɗi mai sauƙi.

Ka yi la'asar a Hamidiye ka gangaro tasha da wuri, ko da minti ashirin ne kafin lokaci, don layin yamma yana da tsawo. Ka tabbatar jirgin na Kabatash ne ba na Bostanji ba, in ba haka ba zaka tsinci kanka a ɓangaren Asiya da dare. Lokacin sanyi kuma in iska ta taso ko hazo ya rufe ana soke jirage, in ka ga sama ta fara canzawa ka kama na farko da ka samu, kuma kar ka taɓa sa wannan yawon a ranar da jirginka na komawa Yawunde ko Njamena zai tashi.